Darasi na 17: Tafiya da Zuciya

Ciwon daji yana da wani sabon magani da a ke sa wa mutum ta jijiya. Shi ke ta da sojojin jiki su yaƙi ciwon. Amma wani lokaci sojojin nan su kan ɓata hanya, su far wa zuciya. Ba kasafai ba ne, amma yana kisa.

Mai karɓar maganin nan kada ya yini kwance. Ya yi tafiya da sanyin safiya, daga minti 10 har ya kai 30. Tafiya tana rage kasala, tana ƙarfafa zuciya.

In ƙirji ya yi ciwo, ko numfashi ya yi wuya, ya tsaya. Kada ya ce gajiya ce. Ko a Tsafe ya ke, ko a Bungudu, a kai shi Asibitin Tarayya na Gusau ran nan, a gaya wa likita maganin da ya ke karɓa.