Nasiha Ga 'Yata Mai Neman Haihuwa A Tianxiu

 'Yata, na ji ke da maigidanki kun fara ganin likitocin haihuwa a can Guangzhou. Kun kyauta, domin neman magani ba ya rage tawakkali. Kada kuma ki ɗauka ke kaɗai ce, a 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mutum ɗaya cikin shida yakan gamu da jinkirin haihuwa a rayuwarsa. Dashen ƙwai ma ba baƙo ba ne a ƙasar Sin, tun 1988 aka haifi jaririyar farko ta wannan hanya a Beijing, asibitocin Jami'ar Sun Yat-sen da ke garinku kuma sun daɗe suna aikin.

Allura da gwaji na likita ne, amma tukunya taki ce. Rayuwar 'yan kasuwar unguwarku ta Xiaobei ba ta ɓuya ba: a wuni ana hawa da sauka a benen Tianxiu, daga shago zuwa wurin masu awon kaya, ba a tuna ciki sai dare ya raba, sannan a cika shi da farar shinkafa da soyayyar kaza da lemon kwalba. Jikin da ake shirya wa ciki yana bukatar abin da ya fi haka.

Masana a Jami'ar Harvard sun bi mata fiye da 17,000 na tsawon shekara takwas. A 2007 suka bayyana cewa matsalar rashin fitar ƙwai ta fi ƙaranci ga masu yawan cin wake da ganye da hatsin da ba a cire masa dusa ba, masu kuma rage zaƙi da daskararren man masana'anta. A 2018 wani bincike a Girka ya nuna cewa mata 'yan ƙasa da shekara 35 masu cin ganye da kifi da man zaitun sun fi dacewa a dashen ƙwai. Wani ɓangare na dalilin shi ne sukari: in ya yawaita a jini sai sinadarin insulin ya hau, shi kuma ya rikita fitar ƙwai, musamman ga mai lalurar da likitoci ke kira PCOS. Mai irin wannan lalura, in tana da ƙiba, rage kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na nauyinta kan daidaita al'adarta. Amma ban da horon yunwa, rama ma tana tsayar da ƙwai.

Kin kuwa yi sa'ar gari. Kasuwanninsu cike suke da ɗanyen ganye da dankalin Hausa da wake da gero. Awarar da muke soyawa a Kano asalinta nasu ne, ki riƙa sa ta a miya. Ki koyi turara kifi irin na mutanen Guangdong, sai dai ki guji manyan kifayen teku irin su shak, saboda gubar makuri. Ki karya da safe kafin ki fita, ki sa gyaɗa da 'ya'yan itace a jaka. Kofi kada ya wuce kofi biyu a rana. Ƙwayar folik asid, maikirogiram 400 kullum, ana fara ta tun kafin ciki ya shiga, sai ki tuntuɓi likitarki.

Jiƙe-jiƙen da 'yan'uwa ke aiko miki daga gida, da shayin ganye mai ɗaci da ake sayarwa a bakin titi a can, kada ki sha ko ɗaya sai likita ta gani, don wani yakan yi karo da allurar da ake miki.

Maigida ma ya gyara cimarsa, ya nisanci taba, a kuma gwada shi, domin a kusan rabin ma'auratan da ke wannan hali akwai matsala ta ɓangaren namiji.

Abinci taimako ne, 'yata. Ba ya buɗe toshewar bututun mahaifa, ba ya mayar da shekaru baya, saboda haka kada ki ɗage ganin likita da sunan gyaran abinci. In an yi dashe bai kama ba, kada ki ɗora wa kanki laifi, da yawa sai a karo na biyu ko na uku suke dacewa. Ki yi naki, ki bar wa Allah nasa. Allah ya ba ku zuri'a ɗayyiba.