Fasali a kan Haƙuri da Ɗaure Himma Bayan Musiba

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

Ka sani, ya kai muridi, Allah Ya datar da mu da kai, ba a gane himmar bawa ranar yalwa, sai ranar da aka karɓe abin hannunsa. A daminar 2022 ruwa ya ci gonaki a ƙasar Haɗeja, ya rushe gidaje a Bulangu ta Kafin Hausa. Wanda ya rasa rumbunsa, sa'an nan ya ajiye tasbaharsa don baƙin ciki, to, ya yi hasara biyu, ta biyun kuwa ta fi girma.

Dubi manomin fadama. In ruwa ya janye, ba ya zama yana zargin kogi, sai ya bi laima ya sake shuka. Kai ma haka. Laziminka istigfari 100 ne, salati 100, hailala 100, safe da yamma. In ya kuɓuce maka, rama shi, ko da zuciya ba ta halarto ba. Hawaye ba ya warware haƙuri, fushi da hukuncin Allah shi ke warware shi.

Tuna Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. An karya jama'arsa a Tsuntsuwa a 1804, mahaddata Alƙur'ani kamar 200 suka yi shahada. Bai juya baya ba, har aka ci Alƙalawa a 1808.

Allah Ya tabbatar da dugaduganmu, Ya mayar wa waɗanda suka rasa da mafi alheri. Amin. Tamat.