Shiri Kafin Rubutu: Jan Hankali ga Ɗaliban Harshe Masu Haɗa Kundin Digiri

Duk ɗalibin da ya shiga aji huɗu a sashen nazarin harsuna, ko a Jami'ar Bayero ta Kano yake, ko Ahmadu Bello ta Zariya, ko Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, ya san akwai kundi a gabansa, kuma ba za a ba shi digiri ba sai ya rubuta shi. Duk da haka da yawa sukan yi ta jan ƙafa har zangon ƙarshe ya kawo jiki, sannan a shiga kai-komo tsakanin ofishin malami da shagon masu buga takardu. Ya kai ɗalibi, ya ke ɗaliba, ku sani kundi yakan gyaru ko ya lalace tun ba a rubuta babi na ɗaya ba. Tun ran gini ran zane.

Mu fara da take, don nan ne mafi yawa suke tuntuɓe. Ɗalibi zai zo wa malaminsa da "Nazarin Waƙoƙin Mamman Shata" ko "Karin Harshen Sakkwato", yana ganin ya kawo abin a-zo-a-gani. To, Shata ya shafe shekaru masu yawa yana waƙa kafin rasuwarsa a 1999, Sakkwatanci kuwa ƙasa ce guda. Wa zai iya tattare wannan cikin wata shida, ga lacca ga jarrabawa? Irin wannan take ba ya haifar da komai sai tsakure-tsakuren abin da wasu suka riga suka faɗa.

Abin da ake bukata shi ne tambaya ƙwaya ɗaya wadda ba ka san amsarta ba tukuna. Ga misali. An san Basakkwace yakan ce "na" da "ta" a inda Bakano zai ce "ne" da "ce", yakan kuma ce "littafinai" a maimakon "littafinsa". Wannan tsohon labari ne, yana cikin littattafai. Amma samarin birnin Sakkwato na yau, waɗanda suka tashi da rediyo da finafinan Kano da wayar hannu, yaushe suke riƙe da irin ta iyayensu, yaushe kuma suke komawa Daidaitacciyar Hausa? A kasuwa ko a makaranta? Da abokai ko da baƙo? Ka ga an sami abin da mutum zai fita ya saurara, ya ƙirga, ya dawo da amsa tasa ta kansa. Haka mai son Shata zai iya ɗaukar waƙoƙi biyar da ya yi wa direbobi ko 'yan kasuwa, ya dubi salon kirari a cikinsu kaɗai. Idan tambaya ta tsaya da ƙafarta, manufar bincike da farfajiyarsa da hanyoyin gudanar da shi duk sai su biyo ta ba da wahala ba. Idan ba za ka iya faɗin tambayarka cikin jimla ɗaya ba, to ba ka shirya ba.

Daga nan sai karatu. Hausa ba marainiya ba ce wajen nazari, saboda haka kada wani ya ce maka babu abin da aka rubuta. Ƙamusun Bargery ya fito tun 1934, yana ma nuna maka kalmar da ta Katsina ce ko ta Sakkwato. Na Abraham ya biyo bayansa. Farfesa Galadanci ya fitar da littafinsa na nahawun Hausa a 1976, Paul Newman ya fitar da babban nahawunsa a 2000, Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya ta Jami'ar Bayero kuma ta fitar da Ƙamusun Hausa a 2006. Mai nazarin adabi ba zai tsallake Hausa a Rubuce na Ibrahim Yaro Yahaya ba, wanda aka buga a 1988, ko ayyukan Abdulƙadir Ɗangambo a kan rubutacciyar waƙa, ko na Sa'idu Muhammad Gusau a kan waƙar baka. Ka shiga ɗakin ajiye kundaye na sashenku ka duba na waɗanda suka gabace ka, kada ka yi wata uku kana aiki sannan a ce maka an riga an yi.

Sai dai bitar ayyukan da suka gabata ba jerin gwano ba ce ta wane ya ce, wance ta ce. Ana son ka nuna inda kowane ya tsaya, da inda biyu suka saɓa, da giɓin da suka bari wanda kai za ka cike. Wannan giɓi shi ne hujjar ci gaba da bincikenka. Kuma duk littafin da ka buɗe, ka rubuta sunan marubuci da shekara da maɗaba'a da shafi nan take. Ranar haɗa manazarta za ka gode wa Allah.

Yanzu ga babban aiki, wato tattara bayanai. Harshe a bakin masu shi yake, don haka mai nazarinsa dole ya taka ƙasa. In ƙauye za ka, fara da gaida dagaci ko mai unguwa, ka bayyana abin da ya kawo ka. Kada ka naɗi muryar kowa a ɓoye. Nemi izini, ka gaya masa inda maganarsa za ta. Ka lura da lokaci ma: manomi ba shi da sukunin hira da kai da damina, sai an kai amfani gida. A nan ɗalibai mata sun fi maza dama, don su ne ke iya shiga cikin gida su ji waƙoƙin daka da na reno da tatsuniya daga bakin tsofaffi, abin da namiji baƙo zai tsaya a zaure yana hange.

Kowace hira ka rubuta wurin da aka yi ta da kwanan wata da shekarun mai magana da sana'arsa. Ka juye ta a takarda tun kunnenka bai manta ba, ka kuma ajiye kwafin sautin a wuri biyu, don waya takan ɓata ko ta faɗa ruwa. Babban kuskure shi ne ɗalibi ya riƙa gyara wa mutane magana. Bazazzagi ya ce "mota ne", kai kuwa ka rubuta "mota ce" don kana ganin ya yi kure. Ai ka goge ainihin abin da ka je nema. Rubuta yadda aka faɗa. In aikinka ya shafi tsarin sauti ko ginin kalma, sai ka sa alamar karin sauti da tsawon wasali, tun da rubutunmu na yau da kullum ba ya nuna su. Wanda kuma aikinsa ya shafi tsofaffin takardu da rubutun ajami, ga Gidan Arewa da Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa a Kaduna, ga Cibiyar Tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato.

Game da mai duba aikinka, kai masa babi ɗaya-ɗaya da wuri. Ba kai kaɗai ne ɗalibinsa ba, kuma jan biron da ya yi maka a watan farko rahama ne a kan wanda zai yi ana saura mako guda.

Akwai wata cuta da ta yaɗu, dole a faɗe ta. Wasu sukan ɗauko tsohon kundi daga wata jami'a su canja sunan gari, wasu su kwafo daga intanet, wasu ma su biya a rubuta musu. Wannan satar fasaha ce, jami'o'i suna hukunci a kanta, kuma asiri ba ya daɗewa. Malamin da ya shekara ashirin yana karanta kundaye ya san muryar ɗalibinsa, tambaya biyu zai yi maka ka rasa ta cewa. Kundi mai shafi sittin da ka tattara bayanansa da kunnenka ya fi mai shafi ɗari biyu na aro.

A ƙarshe, abin kunya ne ɗalibin Hausa ya miƙa kundi babu ƙugiya a kan ɓ da ɗ da ƙ, ko yana haɗe kalmomin da ake rabawa. Ka koma ga ƙa'idojin rubutu, ka daidaita keɓaɓɓun kalmomin nazari da waɗanda sashenku ya amince da su, ka ba wani abokinka ya karanta maka da ƙarfi kafin a kai ɗauri.

Saboda haka, ɗalibai, kada ku jira zangon ƙarshe. A cikin makon nan kowa ya zauna ya rubuta tambayar bincikensa cikin jimla ɗaya, ya kai wa malaminsa. Allah ya ba da sa'a.