Yadda Ake Koyon Dirowa Daga Gaɓa Da Tsallen Tudu A Kan Keke

Da zarar ruwan damina ya janye a Ƙaura Namoda da Shinkafi da Zurmi, kududdufan da aka ɗebi ƙasar gini a cikinsu sukan bar gaɓa hawa-hawa, wata taƙi biyu, wata ta kai ƙugun mutum. A nan samari ke gwada juna da kekunan gwanjo masu giya da kaurin taya. Irin wannan keke a Kalifoniya ta Amurka aka fara haɗa shi cikin shekarun 1970, ya shiga gasar Olamfik a Atlanta a 1996, kuma tun 2001 ake gasar Red Bull Rampage a jihar Yuta, inda ake faɗowa da shi daga kan duwatsu. Bidiyon wannan gasa yaranmu ke kallo a waya. Amma kafin a ɗauki bidiyon nan, sai da aka kwana da kwanaki da shebur da diga ana gyara wurin da taya za ta sauka. Mai son ƙara tsawon tsallensa, daga wurin dira zai fara tunani.

Fara da keken. Phoenix ko Raleigh mai birkin sanda, wanda ake ɗora wa buhun gero zuwa kasuwar Shinkafi ran Alhamis, a bar shi da aikinsa. Ƙarfen da ke riƙe da tayar gabansa zai lanƙwashe tun a dira ta farko mai nauyi. Ko mai giyar ma sai ka kai shi wurin mai gyara ya ɗaure notin tayoyi, ya matse wuyan sitiyari, ya ja wayoyin da suka saki, ya duba ko akwai tsaga a inda aka yi walda. Yawancin kekunan araha shokozobarsu sifirin ne kawai, ba abin da ke rage masa saurin dawowa, shi ya sa bayan keken ke harba mutum sama. Ni dai a ganina gara keke sandararre mai ƙwari da irin wannan. Iskar taya kada ta yi ƙasa, don in ƙarfen wili ya matse roba a bakin gaɓa, huji biyu jere za ka kai wa mai faci. Sauke sirdi ƙasa iyakarsa. Ka tabbata ka san wane hannu ne birkin gaba. Hular kwano kuwa ba a cinikinta, haka ma rufaffen takalmi. Silifas na zamewa daga feda.

Sai tsayuwa. Ba a tsalle a zaune. Miƙe kan feda kamar yadda mai sukuwa ke miƙewa kan likkafa: fedoji biyu a daidaice, diddige ya ɗan yi ƙasa, gwiwa da gwiwar hannu a sake, haɓa a saitin sitiyari, yatsa ɗaya a kan kowane birki. Nauyinka duka a ƙafa yake, hannu riƙo kawai yake yi. A fili mai tauri ka koyi ɗaga tayar gaba ba tare da taka feda ba: ka duƙa, ka tura ƙugu baya, hannuwa su miƙe da kansu. Wanda bai iya riƙe tayar gaba a sama tsawon keke ɗaya ba, bai isa zuwa bakin kududdufi ba tukuna.

Dirowa daga gaɓa ita ce ta fi yaudarar mutane, don suna zaton a hankali ya fi aminci. In ka zo a hankali, tayar gaba na faɗawa tun ta baya na kan tudu, sai keke ya kifa ka ta ka. Nemi gaɓa mai taƙi ɗaya, kamar bakin kwalbati ko dakalin da ba kowa. Taho da gudun mai sassarfa, ka gama taka feda da taɓa birki tun da sauran tsawon keke biyu. Ka duƙa, ƙirji kusa da sitiyari, gwiwar hannu a lanƙwashe. Daidai lokacin da tayar gaba ta iso baki, tura keken gaba da hannuwa, ƙugu ya koma baya kaɗan. Tura za ka yi, kada ka fizgo sitiyari sama. In ka fizga, hannu ɗaya kan fi ɗaya ƙarfi, keke ya karkace a iska. A sama ka dawo tsakiya, ka miƙa ƙafafu su tarbi ƙasa, tayoyi biyu su sauka tare, gwiwoyi su shanye bugun. Ido yana can gaba inda za ka bi. In ka ji dira ɗaya “dum”, ka yi daidai. In ka ji biyu a rarrabe, sake.

Ga lissafin da ya kamata ka riƙe. Faɗowa daga mita 1 tana cin kusan rabin daƙiƙa, kuma in kana gudun kilomita 15 a awa, za ka sauka wajen mita 2 daga gindin gaɓar. Can za ka share, ka kwashe ƙaya da kwalabe. In tsawo ya ninka, ƙarfin da jikinka da keken za su shanye shi ma ya ninka. Abin da ke rage shi gangara ce: in wurin dira ya sunkuya, taya na bin sa tana ci gaba da gudu maimakon ta daki ƙasa ta tsaya. Saboda haka mita 2 zuwa kan gangara kan fi mita 1 zuwa shimfiɗaɗɗiyar ƙasa sauƙi a gwiwa. Yashi kuma, duk da laushinsa, mugun wurin dira ne. Kada busasshen gadon gulbin Gagare ko na Bunsuru ya ruɗe ka; rairayi na kama tayar gaba cak, kai kuma ka wuce.

Tsalle kan tudu sai ka gina abinka. Da jar ƙasa ko laka ake yi, a yayyafa ruwa, a daddaɓe da bayan shebur, a bar shi ya sha iska. Na farko ya kasance mai shimfiɗaɗɗen kai kamar tebur, ba rami a tsakiya, don in ka gaza ka sauka a kan teburin. Fuskar hawan ta fi keken tsawo, ta lanƙwasa a hankali. Gajeriya mai tsini ita ke harba tayar baya. Bi ta kai da farko ba tare da tashi ba. Daga nan, kana shiga hawan ka danna fedoji da nauyinka, kana isa baki ka miƙe, ka bar tudun ya ɗaga ka. Kuskuren da ya fi kayar da mutane shi ne tsoro ya sa su lanƙwashe ƙafa tun tayar baya ba ta bar baki ba, ko su sandare a iska. Birki a sama haramun ne a wannan wasa: na baya na jefa kan keke ƙasa, na gaba kuma ya sa ka sauka kan taya a kulle.

Ƙarin girma abu ɗaya ake taɓawa a lokaci guda, ko tsawo ko nisa, taƙi-taƙi, kuma sai ƙaramin ya zama ba ka ma tunaninsa. Kafin sabon wuri, sauka ka taka shi da ƙafa, ka bi bayan wanda ya saba da shi don ka ɗauki gudunsa. In ka taho zuciyarka ta yi biyu, ja birki tun da nisa; da muguwar rawa gara ƙin tashi. Gajiya da idon 'yan kallo sun fi gaɓa kai mutane wurin mai ɗori.

Halin rashin tsaro da dajin yankin nan yake ciki ba sai an faɗa ba, don haka a tsaya cikin gari ko bakinsa, da rana, kuma ba mutum ɗaya ba. Ku nemi izinin mai fili kafin ku sa shebur. Wanda kansa ya bugu har ya yi amai, ko jiri ya kama shi, ko ya manta abin da ya faru, kada a bar shi ya sake hawa. A kai shi asibiti a ranar.