Farin gashin da ke kan tohon shayi

Ɗana, zauna mu yi magana kan shayin nan da kawunka ya kawo daga ƙasar Sin, wanda jiya ka so zubarwa don ka ga fari-fari a jikinsa ka ce ya yi fumfuna. Ban ga laifinka ba. Idon da ya saba da garin shayi na cikin ƙullin takarda dole ya yi shakka. Amma ɗauki tsinke guda ka kai shi bakin taga. Ka ga yadda gashin ya kwanta lumui, duk ya fuskanci gefe ɗaya, yana sheƙi kamar azurfa? Fumfuna dunƙulewa take yi, tana saƙa kamar yanar gizo, kuma hanci ma zai faɗa maka da warin danshi.

Wannan gashi Allah ne Ya halicci itacen da shi. Ka san gashin kuɓewa da yake sa hannu ƙaiƙayi, to dangin juna ne, sai dai na shayi laushi gare shi. Kowane sili ƙwayar halitta ce guda ɗaya tak, ta miƙe daga fatar ganyen, galibi ta ƙarƙashinsa. Toho da ganyen farko su suka fi shi yawa, domin su ne ba su da ƙwari. Yana rage musu zafin rana, yana hana ruwan jikinsu saurin ƙafewa, yana wahalar da ƙananan ƙwari da ke son su tsotsa. Da ganye ya girma ya yi kauri, sai gashin ya kakkaɓe.

A cikin tohon akwai kafeyin, wanda ka sani a goro, kuma ya fi yawa a nan bisa tsohon ganye. Mu yana kore mana barci, ga ƙwaro kuwa guba ne. Akwai katekin mai kawo bauri. Akwai kuma tiyanin mai sanyaya ɗanɗano, wanda aka fara ganowa a Japan a 1949. A saiwa ake ƙera shi, ya hau har zuwa toho. Silin gashin ma yana ɗauke da rabonsa na waɗannan.

Shi ya sa manoman Fuding da ke lardin Fujiyan suke tsinkar toho zalla a farkon bazararsu, su shanya a hankali ba tare da murzawa ba, su kira shi allurar azurfa mai farin gashi. A lardin Yunan kuwa murzawa ake yi don baƙin shayi. Ruwan ganyen ya haɗu da iska, katekin ya sauya, gashin ya rine ya koma ruwan zinariya. Ko kalmar Pekoe da kake gani a kwali, asalinta farin gashi take nufi a bakin mutanen gaɓar Fujiyan.

Don haka shayin nan na kawunka kada ka dafa shi a buta da sukari kamar na mai shayin bakin titi, zai yi ɗaci ka rasa ƙamshin. Tafasa ruwa, ka bar shi ya ɗan huce, sannan ka zuba a kofin gilashi. Za ka ga ƙananan silika suna yawo a ciki, kada ka tace su. In wata rana hanya ta kai ka gonar shayi ta Kakara a tsaunin Mambila, roƙi masu tsinka su ba ka toho ɗanye, ka juya bayansa ka duba da kyau.