Shin Injin Buga Bana Ya Kashe Sana'ar Mai Zane?

TAMBAYA: Na gama sakandare bara, kuma tun ina firamare Allah Ya hore mini hannun zane. Ina so in koyi rubutun allon shago da zanen jikin mota da yankan sitensil, amma mahaifina ya ce sana'ar ta mutu tun da injin buga bana ya shigo. Gaskiya ne? In kuwa tana nan, ta ina zan fara?
Daga wani matashi a Funtuwa.

AMSA: Maganar Baba tana da ƙamshin gaskiya, kada ka yi masa musu. Mai shagon da a da yake kiran mai zane ya rubuta masa allo, yau zuwa yake a buga masa bana cikin awa guda, har da hotonsa a jiki. Wannan ɓangaren kasuwar ya tafi, kuma ba na jin zai dawo.

Amma ka zaga gari ka duba da kyau. Bana ba ta jure ranarmu. Kafin a jima launinta ya koɗe, iskar farkon damina ta yage ta. Shi ya sa har gobe katangar makaranta da ƙofar Islamiyya da jikin tanka da bayan babbar mota fenti suke nema. Lambar da ke jikin adaidaita sahu, sunan ɗan kasuwa a kan buhu, tambarin makaranta a aljihun rigar ɗalibi, lambobin kujeru da tebura a ma'aikatu, yawancinsu da sitensil ake buga su. Wanda kasuwa ta kora shi ne wanda ya tsaya a kan buroshi kaɗai. Wanda ya haɗa hannu da kwamfuta bai rasa abin yi ba.

Shawarata ita ce ka fara da hannu. Iya zana fuskar mutum daban, iya rubutun allo daban. Abin da ogan kirki zai fara ɗora ka a kai shi ne haruffa: ka ja layin sama da na ƙasa da igiya mai alli, ka ƙirga haruffan, ka nemo tsakiyar rubutun, sannan ka raba fili. Tazarar da ke tsakanin haruffa ido ne yake auna ta, ba rula ba. In ka ba A da V tazara daidai da ta H da I, rubutun zai fito kamar baki mai giɓi. Masu sana'ar suna da wani ƙiyasi: inci ɗaya na tsawon harafi ga kowace ƙafa 10 ta nisan mai karatu. Allon da za a karanta daga tsallaken titi ba a cika shi da surutu. Ƙaramin zane kuwa, in za a mayar da shi babba a bango, sai a raba takardar gida-gida, a raba bangon da adadin gidaje iri ɗaya, a kwafa gida bayan gida.

To, sai sitensil, inda nake so ka fi natsuwa. Hikimarsa duka tana cikin abin da ake kira gada. Ɗauki harafin O. In ka bi zagayensa da reza ka yanke gaba ɗaya, cikinsa zai faɗi, ka sami ƙaton rami kawai. Dole ka bar 'yan siraran wurare biyu ba ka yanke ba, su riƙe cikin harafin. Haka A da B da D da P da R, haka 0 da 4 da 6 da 8 da 9. Gadar in ta yi siriri za ta tsinke bayan bugu kaɗan, in ta yi kauri harafin ya rabu biyu ya yi muni. Tun kana zane da fensir za ka sa alamar inda za ta zauna, kafin reza ta taɓa takarda. Mu masu rubuta Hausa muna da ƙarin aiki a kan ɓ da ɗ da ƙ, domin lanƙwasar kansu wuri ne da ke saurin yagewa. Kada ka yarda ka jefar da ita don neman sauƙi. Yana ba ni takaici in ga allo an rubuta kofa a maimakon ƙofa, alhali mai zane da hannunsa ya fi kowa ikon gyara wannan, tunda ba kowane salon rubutun kwamfuta ne yake da haruffan ba. Rubutun Larabci da ajami kuma haruffansu a haɗe suke, ga ɗigo sama da ƙasa, don haka sai ka ƙware a boko kafin ka taɓa su, kuma ka nuna wa malami ya duba kafin ka yanka.

Kwali ya isa aikin bugu ɗaya ko biyu. Aikin da za a maimaita sau ɗari yana son abin da fenti ba ya jiƙawa, shi ya sa masu sana'a suke neman tsohon fim ɗin hoton ƙashi na asibiti ko siririyar roba. Ka yi yanka a kan gilashi, da sabuwar reza, kana juya takardar maimakon murɗa hannunka. Wajen bugawa, kuskuren kowane sabon shiga shi ne yawan fenti. Ka tsoma soso, ka goge shi a kwali har ya kusa bushewa, sannan ka riƙa dangwalawa daga sama. In ka shafa kamar mai fentin bango, fenti zai kurɗa ƙarƙashin sitensil ya ɓata bakin harafi. Zane mai launi uku sitensil uku yake so, kowanne da alama a kusurwa don su hau kan juna daidai, a fara da launi mai haske a ƙare da baƙi. Rubutun da za a yi ta cikin gilashi a karanta daga waje kuwa, a juye ake ɗora shi.

Fenti ma ilimi ne. Na ruwa na bangon siminti, na mai na ƙarfe da katako. Ƙarfe sai an goge tsatsa da samfefa an shafa jan fentin ƙasa, in ba haka ba aikinka zai ɓare kafin shekara. Lokacin hunturu ƙura tana manne wa ɗanyen fenti, da damina kuma ba ya saurin bushewa. Kuma don Allah ka kula da ƙirjinka. Tina da fentin feshi suna cutar da huhu, wasu fentin mai kuma suna ɗauke da gubar dalma. Ka yi aiki a fili, ka rufe hanci, kada ka ci abinci da fenti a hannu.

Bayan hannunka ya zauna sai ka koyi CorelDRAW, manhajar da akasarin shagunan buga bana suke aiki da ita. Da ita za ka tsara rubutu, injin yankan sitika ya yanka maka sitensil mai tsabta cikin mintuna. Daga nan bugun riga da firam ba zai yi maka wuya ba, don shi ma sitensil ne da aka ɗora a kan lallausar raga ana jan tawada da roba. A nan ne kuɗi yake lokacin komawa makaranta da bukukuwa da kakar zaɓe.

Game da takardar shaida, kwalejojin fasaha suna koyar da fenti da ƙawata gini, ana rubuta jarabawar NABTEB, hukumar da aka kafa a 1992. Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya tana yin gwajin sana'a mai mataki uku, wanda ke amfani wajen neman aikin gwamnati. In kana son zurfafa karatu, Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, nan kusa da ku, ta daɗe da suna a fannin zane. Duk da haka ka nemi oga a garinku, Baba ya kai ka da kansa, a yi magana a kan tsawon zama da abin da za a koya maka. Ka zaɓi wanda allunansa suka shekara a rana ba su ɓare ba.

In ka fara karɓar aiki, ka sa mai aikin ya rubuta abin da yake so da hannunsa, ka karanta masa, musamman lambar waya, ya amince kafin ka buɗe gwangwani. Ka karɓi kuɗin kaya tun farko, kuma ka lissafa tina da reza da kuɗin mota da lokacinka kafin ka faɗi farashi.