Baƙo a gidan wani

A ƙasashen Turai akwai wata al'ada ta lokacin hutu. Iyali biyu sukan yi musanyar gida: waɗannan su je gidan waɗancan, waɗancan su zo nasu. Babu kuɗin haya. Malaman makaranta ne suka fara tsara abin a shekara ta 1953, domin hutunsu dogo ne, albashinsu kuwa kaɗan.

A Tasawa da Mayahi ba a barin baƙo shi kaɗai cikin gida. Amma akwai wata musanyar.

In watan Oktoba ya kama, yaran ƙauye da suka sami shiga koleji sukan taho gari. Wanda ƙauyensu ke nesa ba ya iya komawa gida kullum. Sai ubansa ya nema masa mai masauki, ko cikin dangi ko cikin abokan ciniki. Yakan kawo hatsi da wake bisa amalanke, ya ce: «Ga ɗanka nan, amana.»

Zama gidan wani sai da haƙuri. Yaro yakan tashi da asuba, ya gai da maigida da uwargida, ya ɗebo ruwa, ya ba awaki dusa, sannan ya ɗauki littattafansa. Ba ya shiga ɗakin da ba a kira shi ba. Ba ya taɓa rumbu. In tuwo bai ishe shi ba, kunya takan hana shi faɗi. Wani maigidan yakan cika aike, har yaro ya rasa lokacin bitar karatu. Akwai yaran da kan bar makaranta saboda haka, ba don rashin ƙwazo ba.

Da babban hutu, cikin damina, sai abin ya juya. Wani lokaci ɗan mai masauki yakan bi abokinsa ƙauye. Yanzu shi ne baƙo. Ranar farko a gona, hauya takan sa hannunsa ya yi kanta. A bakin rijiya mai zurfi, sai ya ga sa ne ke jan guga. Shi ma ba ya cewa fura ta yi tsami.

Tambayoyi
1. Su wane ne suka fara tsara musanyar gida a Turai?
2. Me uba yakan kawo wa mai masauki?
3. Me kan sa wasu yara barin makaranta?